Shukar da ake yi don a cinye ta: amsoshin wasiƙunku kan milkwid da monak

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na ba ku labari a wannan fili cewa na tuge ciyawar gefen shingen bayan gidana a nan Minesota na shuka milkwid a wurin, wato shukar da tsutsar malam-buɗe-littafin da ake kira monak take ci, wasiƙu ba su daina zuwa ba. Galibinsu daga 'yan uwa ne mazauna Amurka da Kanada. Wasu sun gwada abin ya ƙi, wasu suna so su fara amma tsoron guba ya hana su. Shekara shida ke nan ina wannan shuka, don haka abin da na gani da idona zan fi faɗa, sauran kuma abin da masana fannin suka tabbatar. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Anti, sannu da ƙoƙari. Hoton shukar da kika sa, sai na ga kamar tumfafiya. Ita ce? Kuma me ya sa za a shuka wa malam-buɗe-littafi abinci na musamman alhali furanni sun cika gari? Daga wata 'yar uwa a jihar Ohayo.

Amsa: Idonki bai yaudare ki ba, 'yar uwa. Ba ita ba ce, amma dangi ɗaya suke. Ki tsinki ganyen milkwid, za ki ga farin ruwa mai danƙo ya tsatso kamar madara, irin na tumfafiya sak. 'Ya'yanta ma in sun bushe sukan tsage, iri ya fito kowanne da farin gashinsa, iska ta kwashe. Masana tsirrai suna kiran zuriyarta Asclepias, kuma a Amurka kaɗai akwai fiye da nau'i 70 masu fitowa da kansu, daga bakin fadama har hamadar Arizona.

Furannin da kika ce sun cika gari, babba ne yake shan zaƙinsu. Monak, wato malam-buɗe-littafin nan mai fukafukai ruwan lemo da baƙaƙen jijiyoyi da fararen ɗigo a gefe, ba ya zaɓen fure sosai. Amma kafin ya yi fukafukai tsutsa ne, tsutsar kuwa ba ta cin komai sai ganyen milkwid da wasu daga danginta. Macen ta san haka. Takan sauka a kan ganye ta ɗan bubbuga shi da ƙafafunta na gaba, don da ƙafa take ɗanɗano. In ba milkwid ba ce, sai ta tashi da ƙwanta ta yi gaba. A cikin farin ruwan nan akwai guba mai taɓa bugun zuciya. Jikin tsutsar ya iya da ita, har tana tara ta, gubar kuma ta bi ta zuwa girma. A shekarun 1960 masanin nan Lincoln Brower ya ba wani shuɗin tsuntsu monak ya ci. Tsuntsun ya yi ta amai, daga ranar bai ƙara kusantar mai wannan launi ba.

Abin da ya ja hankalin duniya gare shi tafiyarsa ce. Wanda ya fito a ƙarshen Agusta a kudancin Kanada ko nan wajenmu, nauyinsa wajen rabin giram, yakan kama hanyar kudu, wani ya yi kilomita 4,000 ko fiye, har ya sauka a dazuzzukan itacen oyamel da ke kan tsaunukan jihar Michoacan da jihar Meziko a ƙasar Meziko, kusan mita 3,000 sama da teku. Farkon Nuwamba yake isa. Bai taɓa zuwa can ba, uwarsa ma ba ta taɓa ba, kakanninsa na baya ne suka baro wurin a watan Maris. Mutanen tsaunukan sun daɗe da sanin inda suke sauka, amma masana ba su gano ba sai a Janairun 1975, lokacin da Kenneth Brugger da Catalina Aguado suka iske dajin, bayan Farfesa Fred Urquhart na Jami'ar Toronto da matarsa Norah sun shafe shekaru suna liƙa wa fukafukai 'yan takardu masu lamba don bin sawunsu.

Ba sa ƙirguwa ɗai-ɗai, sai dai a auna faɗin dajin da suka lulluɓe. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe sama da hekta 18. A hunturun 2013 zuwa 2014 hekta 0.67 kawai aka samu, a na 2023 zuwa 2024 kuma 0.9. Sare itace a Meziko da fari da mugun sanyi duk sun taimaka, amma babban rashi a gonakin masara da waken soya na tsakiyar Amurka aka yi shi. Da can milkwid takan fito tsakanin shuka, manomi ya yi noma ta sake tohowa. Daga 1996 aka fara shuka irin da aka sauya wa halitta don ya jure maganin ciyawa na gilaifoset, sai feshi ya share ta daga gonakin. Binciken John Pleasants da Karen Oberhauser ya ƙiyasta cewa milkwid ta ragu da kashi 58 cikin 100 a yankin tsakanin 1999 da 2010. Kanada ta saka monak cikin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a 2023, kuma a Disamban 2024 hukumar kula da kifi da namun dajin Amurka ta ba da shawarar a saka shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana.

Ba zan ce miki bayan gidanki zai maye gurbin waɗancan gonaki ba. Amma macen da ta iso Ohayo a watan Yuni da ƙwai a cikinta tana neman inda za ta ajiye su a ranar, kuma in ta samu a wajenki za ta ajiye.

Tambaya: Hajiya, na sayi ƙunshin iri na shuka a watan Mayu, na yi ta ban ruwa, ko ɗaya bai tsiro ba. Irin ne ya lalace? Wane nau'i ya dace da ni? Daga wani ɗan uwa kusa da Toronto.

Amsa: Malam, da wuya in irin ya lalace, barci yake yi. A daji yakan faɗi ƙasa a watan Oktoba, ya kwana watanni ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma wannan sanyi da damshi su ne suke tashe shi. Ba don haka ba, da ya tsiro a kaka sanyi ya kashe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar wa hunturu aikinsa: ka shuka a Nuwamba kafin ƙasa ta daskare, ka rufe da ƙasa kaɗan, kada ta wuce rabin santimita. In lokacin ya wuce ka, sai ka jiƙa tishu mai kauri, ka matse shi, ka jera irin a ciki, ka sa a leda, ka ajiye a firij, ba ɓangaren ƙanƙara ba, aƙalla kwana 30. Ni nakan ba shi mako shida. Kada ka tone wurin da ka shuka a Mayun nan, wasu za su iya fitowa baɗi.

Sunan da ke jikin takardar shukar shi za ka duba. Ga ƙaramin gida, Asclepias incarnata na fi ba da shawara. Tana son damshi, furenta ruwan hoda, tana zama wuri ɗaya ba ta yawo, kuma a lambuna a kanta na fi samun ƙwai. Asclepias tuberosa gajera ce mai fure ruwan lemo, tana son ƙasa mai yashi da rana mai zafi. Saiwarta doguwa ce, in ta kama ba ta son a ɗaga ta. Ta fi kyau a ido, amma macen monak ba ta cika zaɓenta ba in ta samu wata. Asclepias syriaca ita ce babbar, mai faɗin ganye, ƙamshin furenta da yamma yakan cika tsakar gida, sai dai tana da yawo, zan zo kan wannan a ƙasa. Har zuwa 2014 tana cikin jerin mugayen ciyayi a dokar Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, a shekarar aka cire ta, don haka ba ka karya doka ba.

Ka nemi wurin da yake samun rana awa shida ko fiye, ka bar tazarar kusan rabin mita tsakanin shuka da shuka. Cibiyar Monarch Watch ta Jami'ar Kansas tana ba da shawarar aƙalla tushe 10, nau'i biyu ko fiye. Shekarar farko saiwa take yi, kada ka sa ran fure. Kuma ka kafa ɗan sanda a gindin kowace, don milkwid tana makarar tohowa, sai sauran shuke-shuke sun yi kore take leƙowa, mutum ya ɗauka ta mutu ya tone ta.

Abu ɗaya da ya shafe ku musamman a Toronto: akwai wata ciyawa mai naɗo da ta zo daga Turai, Vincetoxicum, ta cika kwaruruka da gefen hanya. Danginsu ɗaya da milkwid, shi ya sa macen monak takan ruɗe ta yi ƙwai a kanta, tsutsar kuma ba ta rayuwa a kai. In ka gan ta a shingenka, ka tuge ta tun kafin ta yi 'ya'ya.

Tambaya: Anti, raina ya ɓaci. Shukata ta yi kyau har ta kai ƙuguna, cikin mako biyu wasu tsutsotsi masu zanen rawaya da baƙi da fari suka mayar da ita kara zalla. Ga wasu ƙananan ƙwari rawaya sun lulluɓe kanta. Wane magani zan fesa? Daga wata ƙanwa a Mishigan.

Amsa: Ƙanwata, don Allah ki ajiye abin feshin nan. Tsutsar da kika kwatanta ita ce baƙuwar da kika yi wa shimfiɗa. Mun saba mu shuka don mu ci, shi ya sa huji a ganye yake tayar mana da hankali. Wannan shukar kuwa hujin shi ne amfaninta. Karan da kike gani bai mutu ba, ƙarfinsa yana cikin saiwa, ki ci gaba da ba shi ruwa, zai sake ganye.

Ina so ki sami safiya ɗaya ki tsuguna ki kalli abin da ke faruwa. Ki juya ganye, za ki ga ƙwai guda ɗaya tak, fari-fari, bai fi kan allura ba, tsininsa a sama. Bayan kwana uku zuwa biyar kansa zai yi baƙi, 'yar tsutsar ta fito, abincinta na farko kuma ɓawon ƙwan ne. Farin ruwan ganyen haɗari ne gare ta, yana iya liƙe mata baki ta mutu a wurin, sai ta fara gatsa ɗan da'ira a ganyen, ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke tsakiya. Babbar kuma wata dabara take yi. Na taɓa zama kusan rabin awa ina kallon ɗaya: ta gangara gindin ganye, ta yi ta gatsar jijiyar da ke riƙe da shi har ganyen ya lanƙwashe ya rataya, ta dakata kaɗan, sannan ta koma can ƙarshensa ta fara ci a natse. Ta datse hanyar ruwan ke nan. Sau biyar take saɓa cikin kimanin mako biyu, nauyinta ya ninka wajen sau 2,000. Kwanakin ƙarshe ne take cin da ya ba ki tsoro, ganye guda cikin ɗan lokaci.

Ƙananan ƙwarin rawaya kuwa duk shekara sai sun zo. Ruwan shuka suke tsotsa, suna ɓata mata kyau, amma shukar da ta kafu ba sa kashe ta. In sun yi yawa, ki sa safar hannu ki murtsuke su, ko ki wanke su da ruwan tiyo bayan kin duba babu ƙwai ko ƙaramar tsutsa a wurin. In kika yi haƙuri, jajayen ƙwaron nan masu baƙin ɗigo za su zo su rage miki su. Ko ruwan sabulu yana kashe ƙaramar tsutsa. Maganin da ake kira Bt, wanda ake tallarsa a matsayin marar illa, don kashe tsutsa aka yi shi.

Ina faɗa da ƙarfi ne saboda abin ya same ni. A shekarata ta biyu ganye ya ƙare mini, tsutsotsi 11 suna yawo a kan kara. Na garzaya wani babban kanti na sayo tukwane uku. Na tambayi ma'aikacin ko an fesa musu wani abu, ya ce a'a, kuma na yarda bai sani ba ne. Washegari na iske su suna murɗe-murɗe, koren ruwa yana fita daga bakinsu, kafin yamma babu ko ɗaya mai rai. Akwai magungunan ƙwari, irin su neyonikotinoyid, da suke shiga cikin jikin shuka tun daga saiwa, wanki ba ya fitar da su. Har yau in na tuna ranar sai na ji ba daɗi. Yanzu wajen masu rainon tsirran yankin kawai nake saye, kuma in na ga tukunya mai ƙwari a kai ko ganye mai huji, ita nake ɗauka. Ki kula da masu feshin sauro a tsakar gida ma, naki ko na maƙwabta, don iska tana kai shi kan ganye.

Tunda a Mishigan kike, ga wani abu da masu bincike a Jami'ar Jihar Mishigan suka gano: in aka yanke karan babbar milkwid a tsakiyar lokacin zafi, sabon tohon da ya biyo baya ya fi jan macen monak, kuma maƙiyan ƙwai sun fi ƙaranci a kansa na ɗan lokaci. Ni kashi ɗaya cikin uku nake yankewa a farkon Yuli, bayan na duba kowane ganye.

Tambaya: Hajiya, a nan Houston milkwid ɗin da ake sayarwa ko'ina mai fure ja da rawaya ce. Tana fure duk shekara, monak kuma ba sa rabuwa da ita. Amma wasu suna fitowa da fukafukai a cukurkuɗe, ba sa iya tashi. Me ke faruwa? Daga wani Malam a Teksas.

Amsa: Malam, wannan Asclepias curassavica ce, asalinta daga ƙasashen zafi na nahiyar Amurka. Masu kanti suna sonta don tana saurin girma. Fure duk shekarar da ka yaba shi ne matsalar. Akwai wata ƙwayar cuta mai dogon suna, Ophryocystis elektroscirrha, ana taƙaita shi OE. Babban da ya kamu yana ɗauke da ita a jikinsa kamar ƙura, tana zuba a kan ganye in ya sauka, tsutsa ta ci, ta fito da rauni ko da fukafukan da ba sa miƙewa. Milkwid ta asalin yankin takan bushe a hunturu, cutar ta tafi da tsohon ganye, sabon toho ya fito da tsabta. Waccan kuwa a wurin da ba a yin ƙanƙara ba ta bushewa, cutar sai ta yi ta taruwa wata bayan wata. Sannan tana sa wasu monak su tsaya su hayayyafa a Nuwamba da Disamba maimakon su wuce Meziko. Ni a nan sanyi yana kashe ta, ku a gaɓar tekun kudu ba haka ba.

Teksas ce ƙofar tafiyar gaba ɗaya. Ta nan suke wucewa a Oktoba, nan kuma waɗanda suka dawo a Maris da Afrilu suke zuba ƙwan farko na shekara. Shawarata ka cire ta, ka sa Asclepias viridis ko Asclepias asperula, ko Asclepias perennis in wurinka mai damshi ne. In ba za ka iya rabuwa da ita yanzu ba, ka yanke ta kusa da ƙasa daga Oktoba, ka riƙa maimaitawa duk lokacin da ta toho har Fabrairu. Wanda ya fito a cukurkuɗe ba ya warkewa, kuma kada ka mayar da shi kan shukar.

Tambaya: Ina da yara ƙanana biyu da kyanwa. An ce guba ce. In haƙura? Daga wata uwa a Ilinoi.

Amsa: Guba ce, gaskiya aka faɗa miki, amma tana da ɗaci sosai, kuma sai an ci da yawa take yin babbar illa. Ido na fi ji wa tsoro. In farin ruwan ya taɓa hannu mutum ya murza ido, yana iya ƙona saman ƙwayar idon, gani ya dushe na kwanaki. Ki sa safar hannu in za ki yanka, ki wanke hannu da sabulu, ki koya wa yara su kalla kada su tsinka. In ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a tafi asibiti a ranar. Ki shuka ta nesa da inda mai rarrafe yake wasa. Wanda yake kiwon tumaki ko dawaki kuma kada ya bari ta shiga cikin busasshiyar ciyawar da zai ba su.

Tambaya: Ɗana mai shekara tara yana so mu kwashe tsutsotsin mu shigar da su ɗaki, don mun ga zanzaro ya ɗauke ɗaya. Mu yi? Daga wani uba a Wiskonsin.

Amsa: Allah ya yi wa yaron albarka, tausayinsa abu ne mai kyau. Gaskiya ne, cikin ƙwai 10 da wuya ɗaya ya kai girma. Tururuwa da gizo-gizo da zanzaro da wani ƙuda mai yin ƙwai a jikin tsutsa duk suna ci. Shi ya sa mace ɗaya take zuba ƙwai 300 zuwa 500. Amma kwashe su duka zuwa ɗaki ba taimako ba ne. Cunkoso yana yaɗa cutar OE. Sannan a 2019 masu bincike a Jami'ar Shikago sun nuna cewa monak da aka raina a cikin ɗaki, ko da daga daji aka ɗauko ƙwansu, ba su fuskanci kudu yadda na waje suke yi ba. Tsawon yini da sanyin dare da tsufan ganye su ne suke gaya wa tsutsa cewa kaka ta zo, ɗaki kuma yana ɓoye mata duk wannan.

Ku ɗauki ɗaya ko biyu, ku sa a kejin raga a baranda inda iska da hasken rana suke kaiwa, ku ba ta sabon ganye kullum, ku share kashinta. Abin da yaron zai gani ya isa. Za ta daina ci, ta hau sama, ta saƙa ɗan zare ta rataya kai ƙasa ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Washegari fatarta za ta tsage daga wajen kai, cikin 'yan mintuna koren kwanso ya bayyana, da ɗigon zinariya a jere. Bayan kwana 10 zuwa 14 kwanson zai yi duhu, har ka hango ruwan lemon fukafukai ta cikinsa. Galibi da safe yake fitowa, cikinsa a kumbure, fukafukan ƙanana a jiƙe. Yana rataye yana tura ruwa cikinsu har su miƙe. Kada kowa ya taɓa shi a lokacin. Bayan awa uku ko huɗu ku buɗe kejin. Ka nuna wa yaron fukafukan baya: in akwai baƙin ɗigo ɗaya a kowane gefe, namiji ne. 'Yan uwa na Kalifoniya su lura, a can doka ba ta yarda a kama ko a raini monak ba sai da izinin hukuma.

Tambaya: Anti, ƙungiyar masu gidajen unguwarmu ta aiko mini da takarda wai na bar ciyawa a gaban gida. Shukar kuma ta fara ɓullowa a wajen maƙwabcina. Daga wata 'yar uwa a Meriland.

Amsa: Tun 2021 jiharku tana da dokar da ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi tilasta wa mutum shimfiɗa ciyawar ado zalla ko hana shi lambun da ke taimakon ƙwari masu amfani. Ki nemo ta ki haɗa da amsarki cikin ladabi. Amma maƙwabci yana da haƙƙi. Wadda take ɓullo masa Asclepias syriaca ce, saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa ta fito da nisa. Ki mayar da ita bayan gida inda injin yankan ciyawa yake zagaye ta, ki sa incarnata da tuberosa a gaba. Ki yi wa wurin iyaka da duwatsu ko bulo, ki kafa ɗan allo mai bayani. Mutane in sun ga iyaka sun san da niyya aka yi. Kuma kada ki cusa milkwid a tsakiyar furanni. Wani bincike a Jami'ar Kentaki ya samu ƙwai da tsutsotsi fiye da ninki biyu a lambunan da aka jera ta a gefe, inda macen take hango ta.

Tambaya: A bene nake, baranda kawai gare ni. Shekara biyu ina da tukwane biyu, ban ga ko monak ɗaya ba. Daga wata ɗaliba a Niyok.

Amsa: 'Yata, kada ki karaya. Wata shekarar yawansu ne ya yi ƙasa, kuma in benen ya yi tsawo ba su cika hawa ba. Incarnata tana yi a tukunya mai zurfi, in ba ki bari ta bushe ba. Ki ƙara furannin kaka, irin su asta da goldinrod da ziniya. Masu tafiya Meziko a Satumba ba ƙwai suke yi ba, zaƙin fure suke nema su tara kitsen da zai riƙe su har Maris, kuma gaɓar tekun gabas hanyarsu ce. In da lambun unguwa kusa da ke, ki roƙi ɗan gefe ki dasa tushe biyar ko shida a ƙasa.

Tambaya: Shukata ta yi 'ya'ya manya. Yaushe zan cire, kuma yaya zan raba irin da audugar? Daga wani dattijo a Indiyana.

Amsa: Baba, ka jira sai kwanson ya fara bushewa. Ka ɗan matsa shi a wajen tsagin. In ya buɗe da sauƙi kuma irin ya yi ruwan ƙasa, ya nuna. In fari ne ko kore, ka bar shi, ba zai tsiro ba. Nakan ɗaure waɗanda suka kusa da zare don kada iska ta riga ni. Ka buɗe tun audugar tana haɗe, ka riƙe kanta da hannu ɗaya, ka zage irin da babban yatsa cikin kwano. A waje za ka yi, in ta bushe ta tashi a ɗaki sai ta cika ko'ina.

Wannan audugar ta taɓa yin aikin ceton rai. A Yaƙin Duniya na Biyu, da audugar rimi ake cika rigunan da ke hana nutsewa a ruwa, kuma daga tsibirin Java ake kawo ta. Da Japan ta mamaye tsibirin, sai aka koma ga milkwid, don gashinta yana iyo ba ya shan ruwa. A 1944 'yan makaranta a jihohi da dama suka yi ta tara kwanson a buhuna ana kaiwa masana'antar da ke Petoskey a Mishigan, buhu biyu riga ɗaya.

Ka shanya irin kwana biyu ko uku, ka zuba a ambulan na takarda, ba leda ba, ka rubuta sunan nau'in da shekarar. Kada ka kwashe duka, ka bar wasu iska ta ɗauka. In za ka ba wani, ka ba na kusa da kai, don irin da ya saba da sanyin Indiyana ba lallai ya ji daɗin Jojiya ba. Sauran ka shuka su a Nuwamba, bayan sanyin farko ya kwantar da ganye, kafin ƙasa ta yi tauri.